Yadda ake neman izinin gini a birnin Maraɗi

Yawancin masu gini a Maraɗi da siminti suke farawa. Kuɗi ya shigo bayan kaka ko bayan an sayar da kaya, sai a kira masu buga bulo, a zubo rairayi mota biyu, a ce wa maso, wato magini, ya ja igiya. Maganar izini ba ta tasowa sai ranar da ma'aikatan meri, wato hukumar birni, suka biyo layin, suka shafa wa katanga jan fenti, suka ce a dakata. A ranar ne mai gida zai gane cewa ba takarda ɗaya ake nema a wurinsa ba, kuma wasu daga cikin takardun ba a samun su a mako guda. Ga siminti a jibge yana shan raɓa, ga leburori na jiran kuɗin yini. Wannan bayanin na wanda yake so ya shiga ta ƙofa ne tun da fari.

Izinin gini takarda ce da hukumar birni ke ba ka, wadda ke cewa ta duba filinka da zanen abin da za ka gina, ta kuma yarda. A ofis sunanta permis de construire, a bakin magina kuwa permi. Tushenta yana cikin dokoki biyu na ƙasa: dokar tsarin birane ta watan Afrilun 2017, da dokar gini da gidaje ta watan Afrilun 2018. Ba sabon gida kaɗai ta shafa ba. Wanda zai ɗora bene a kan tsohon gida, da wanda zai fasa katangar bakin titi ya jera shaguna, da wanda zai mai da gidan zama makaranta ko asibiti ko sito, duk suna cikin masu neman ta.

Birnin Maraɗi gundumomi uku ne a ƙarƙashin babbar meri. Tun watan Afrilun 2024, da aka rusa majalisun birane da na ƙananan hukumomi, jami'an da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da kujerar magajin gari. Amma kai ba da mai kujera za ka yi hulɗa ba. Aikin dosiyenka, wato tarin takardun da za ka haɗa na neman izini, yana hannun ofisoshi biyu ne, ofishin filaye da ofishin ayyukan fasaha, su za ka yi ta kai wa da komowa. Sai dai kafin ka taka ƙofar kowace meri, ka dubi hatimin da ke kan takardar filinka. Gari ya faɗaɗa har ya shiga ƙasar maƙwabta irin su Jiratawa da Safo da Tibiri, kuma akwai filayen da kowa ke ce musu Maraɗi alhali a takarda na wata ƙaramar hukuma ne. Merin da ta buga hatimin, can za ka nufa.

Matakin farko: takardar fili ta zama da sunanka

A nan ne mafi yawan dosiye ke maƙalewa, saboda haka zan daɗe a kai. Takardun da mutane ke riƙe da su iri uku ne. Akwai takardar da meri ke bayarwa bayan an yanka filaye an fitar da tituna, wadda aka rubuta acte de cession a kanta, mutane na ce mata akt. Akwai titir, wato titre foncier, wanda ya fi kowace takarda ƙarfi domin an shigar da filin cikin kundin filaye na ƙasa. Sai ta uku, takardar ciniki ko ta mallakar gargajiya, mai sa hannun mai gari ko mai unguwa da shaidu, ko ta hukumar filayen karkara da tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa. Biyun farko su ake nema wajen izinin gini. Ta uku shaida ce cewa ka sayi gona ko wani yanki nata, amma ba ta nuna inda titi zai bi ba, ba ta nuna inda aka ware wa makaranta ko kasuwa ba. Wanda ya gina a kan irin wannan takardar, ranar da aka zo yanka wurin yana iya tarar da titi ya ratsa ta tsakiyar falonsa. In ita ce a hannunka, ka je ofishin filaye ka ji matsayin wurin kafin ka biya mai zane ko dala.

In akt ce a hannunka, ka karanta sunan da ke kanta. A Maraɗi fili kan bi hannu huɗu ko biyar, daga ma'aikacin da aka ba shi tun farko, zuwa dillali, zuwa wani Alhaji, zuwa gare ka, amma akt ɗin tana nan da sunan mutumin farko, an dai liƙa mata takardun ciniki a baya. Meri ba ta san ka ba. Wanda ta sani shi ne mai sunan da ke cikin rajistarta. Dole ne a yi sauyin suna, wanda ake cewa taransfer, kuma wannan yana bukatar takardar ciniki ingantacciya. Gara a yi ta gaban notar, ko da za ta ci kuɗi, domin shi aikinsa ke nan ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai abin. In wanda ya sayar maka yana raye kuma yana gari, ka kama shi yanzu ku gama. Kowace shekara da ta wuce tana ƙara wahalar abin, domin mutane na tafiya, mutane na rasuwa, kuma magada ba su san da cinikin da mahaifinsu ya yi a bakin kasuwa ba.

Filin gado kuma nasa daban. In sunan marigayi ne a kan takarda, sai an je kotu an samo takardar shaidar magada da takardar zaman iyali da ke nuna wanda aka wakilta, ko kuma a raba gadon a san wanda filin ya faɗo wa. Na san da nauyi mutum ya ce wa yayyensa da ƙannensa a je gaban alƙali alhali ba faɗa ake ba, amma ginin da aka yi a kan filin da ba a raba ba shi ke raba zumunci daga baya, musamman haƙƙin ƴaƴa mata da aka saba yi wa shiru. Haka nan wanda yake Kano ko Abijan ko Libiya yana turo kuɗi ƙaninsa na yi masa gini: a rubuta takardar wakilci, a buga mata hatimin hukuma, kuma izinin ya fito da sunan mai fili. Wakili ɗan aike ne kawai.

Ko da sunanka ne a kan akt, ka kai ta ofishin filaye a duba. Kowane fili yana da sunan lotisma, wato yankin da aka yanka filaye aka fitar da tituna, da lambar ilo, wato rukunin filayen da tituna suka kewaye, da harafin parsel, wato filin kansa, misali ilo kaza, parsel B. Ka roƙi a buɗe rajista a gabanka a ga ko abin da ke can ya yi daidai da abin da ke hannunka, ko akwai wata akt ta biyu a kan wannan lambar, ko wani ya shigar da ƙorafi. Ka kuma nemi a nuna maka wurin a kan taswirar lotisma. In ka ga filinka ya faɗa cikin wani babban fage da aka ware wa jama'a, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, to ka tsaya nan, domin irin wannan wurin ko an gina, rusau na iya biyo baya.

Mataki na biyu: a nemo duwatsun iyaka, a dubi hanyar ruwa

Takarda ta ce mita 20 sau 20, ko 15 sau 20, ko 20 sau 30. Ƙasa kuma sai an auna. Ka ɗauko jiyometir, wato mai awon fili, mai rajista, ba yaron dillali mai igiyar awo ba, ya zo ya nemo duwatsun iyaka guda huɗu, waɗanda ake cewa born. A jigawar Maraɗi iska na binne su. Za ka ga mai awo ya kafa na'urarsa, ya nuna wani wuri da babu komai sai rairayi da tsiron tumfafiya, yaro ya sa shebur, bayan taki ɗaya ko biyu sai ga kan dutsen siminti ya leƙo. Sau da yawa uku ake samu. Na huɗu yana ƙarƙashin katangar maƙwabci, ko an tumɓuke shi an matsar. Rabin mita a tsawon mita 20 murabba'in mita 10 ke nan, kusan ɗaki guda.

Kada ka yi wannan awon a ɓoye. Tun jajibiri ka shiga gidan maƙwabcinka ka gaishe shi, ka ce: “Alhaji, gobe da hantsi mai awo zai zo. Ina so a yi a gabanka, don kada wata rana yaranmu su yi faɗa a kan abin da mu ba mu yi ba.” In dattijo ne ka je da wani babba, in ya yiwu a sanar da mai unguwa. In aka tarar ya shigo maka, a warware a zaune kafin a yi zane, domin mai zane da girman da aka ba shi zai yi aiki. Ka karɓi takardar awon mai sa hannu da hatimin jiyometir, za ta shiga dosiye.

Sannan ruwa. Duk ɗan Maraɗi ya ji labarin 1945, shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari a cikin fadama, aka kwashe mutane aka hau tudu, aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu. Amma hawa tudu bai raba mu da ruwa ba, domin abin da ya sauka a sama dole ya gangara Gulbi, kuma ta cikin unguwanni yake bi, yana yanka kwazazzabai a cikin rairayi. A ƙarshen watan Agustan 2024 an samu kimanin milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi a birnin, gidaje suka faɗi, aƙalla mutum 15 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan wannan, babu wanda ya kamata ya yi zanen gida a Maraɗi bai san ta inda ruwa ke shiga filinsa da inda yake fita ba.

Hanyar sani ba ta da tsada. In damina ce, ka je filin ana gama ruwa, ka tsaya ka kalli inda yake gudu da inda yake kwanciya. In rani ne, ka dubi gindin katangun maƙwabta: layin da ruwa ya bari yana nan, siminti ya yi duhu ko ya ɓarɓashe daidai inda ya tsaya. Ka dubi buhunan rairayi da tsofaffin tayoyin da aka jera a ƙofofin gidaje, ka tambayi matan layin, su ke kwashe ruwa da bokiti cikin dare. Abin da ka gano ka kai wa mai zane, don ya ɗaga daɓen gida da dokin ƙofa sama da titi sosai. Ka tuna titin da kake gani yau na ƙasa ne. Duk inda aka zuba kwalta ko aka shimfiɗa pave, wato bulon titi, kamar yadda aka yi a tituna da dama lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, titi kan tashi, gidan da aka gina daidai da tsohuwar ƙasa sai ya koma rami.

Mataki na uku: ka karɓo jerin takardu daga meri

Wannan tafiyar safiya ɗaya ce. Ka je ofishin ayyukan fasaha da kofin akt da takardar awo, ka faɗi abin da za ka gina: gidan ƙasa ne, wato marar hawa, ko bene, na zama ne ko na kasuwanci. Ka nemi a rubuta maka jerin takardun da ake so, da yawan kofin kowane zane, da kuɗin da za a biya, da tagar da ake ajiye dosiye, a babbar meri ne ko a ta gundumarku. Ka tambayi irin sa hannun da suke karɓa a kan zane ga gini mai girman naka, da tazarar da ake so a bari tsakanin gini da titi da kuma katangar maƙwabci a wannan lotisma. Kuɗaɗen nan da sharuɗɗan suna sauyawa, saboda haka kada ka dogara da abin da abokinka ya biya shekaru uku da suka wuce.

Mataki na huɗu: zane

Maso gwani yana iya zana maka gida a ƙasa da tsinke, kuma ya gina shi ya tsaya. Amma meri takarda take dubawa, mai ma'auni da sa hannun wanda za a iya kamawa in abu ya lalace. Ka nemi arsitek mai rajista a ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Nijar, ko ofishin nazari da meri ta yarda da shi. Ka guji zanen da ake kwafowa daga gidan wani a goge suna a sa naka. Filin wancan yana kallon kudu ne, naka yana kallon gabas, kuma a ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa. Tagar da ba ta da matsala a can, a wurinka ita za ta riƙa shigar da ruwa.

Abin da mai zane zai haɗa maka ya ƙunshi taswirar da ke nuna inda filin yake a cikin unguwa, da zanen da ke nuna yadda ginin ya zauna a cikin filin tare da tazararsa da kowace iyaka, da zanen ɗakuna na kowane hawa, yawanci a ma'aunin 1/100 ko 1/50, da fuskokin ginin ta waje, da zanen da ya tsaga ginin ya nuna tsayinsa tun daga harsashi har rufi. Sai takardar da ke bayyana kayan da za a yi aiki da su, da takardar kiyasin kuɗi. Kada ka sa a rage kiyasin don kuɗin izini ya sauka. Takardar nan ita za ka nuna wa banki in ka nemi rance, ita ce kuma za ka riƙe ɗan kwangila da ita.

Zanen shadda da ramin ƙazamin ruwa shi mutane suka fi rainawa, kuma a kansa ake yawan mayar da dosiye. Dukansu a cikin filinka za su zauna. Al'adar haƙa rami a bakin titi a rufe da dal, wato faifan kankare, ko a saki ruwan wanka ya bi layi, ita ke sa unguwa wari da sauro, kuma ranar da babbar mota ta taka dal ɗin ya rufta, kai za a nema. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, a nisanta ramin da ita aƙalla mita 15. A bar kuma hanyar da motar kwasar shadda za ta iya miƙo tiyo. Haka indararo: ruwan rufinka a cikin gidanka ko a titi zai zuba, ba a tsakar gidan maƙwabci ba. Tagar bene da ke leƙa cikin gidan mutane ma a gyara ta tun a takarda, domin a garin nan babu abin da ke kawo ƙara wurin mai unguwa da sauri kamar ta.

In bene za ka yi, ko da hawa ɗaya ne, sai injiniyan gini ya shigo. Shi zai yi lissafin harsashi da ginshiƙai da dal, ya faɗi kaurin ƙarfen da za a sa a kowane wuri, na 8 ne ko na 10 ko na 12, da yawansa. Babban gini kuma ana neman gwajin ƙasa, a san nauyin da za ta iya ɗauka. Ga shawarar da nake ba kowa: in a ranka akwai niyyar ɗora bene nan da shekara biyar, ka faɗa yanzu, a yi lissafin harsashi da shi, a nemi izini da shi. Tun ran gini tun ran zane. Ɗora bene a kan harsashin da aka yi wa gidan ƙasa ganganci ne da rayukan iyalinka. Wuraren da jama'a ke taruwa, irin su makaranta, asibiti, otal, gidan biki ko gidan mai, suna da ƙarin sharuɗɗa: ƙofofin fita, faɗin matakala, kayan kashe gobara, da amincewar ma'aikatar da ke kula da wannan sana'a.

Mataki na biyar: ajiye dosiye da biyan kuɗi

Ka rubuta takardar roƙo zuwa ga shugaban birni, da Faransanci, a manna mata tambur. Mai zanenka ya saba rubuta ta. Ka haɗa da kofin katin ɗan ƙasa, da kofin akt ko titir da aka buga wa hatimin tabbatarwa, da takardar awo, da zanuka adadin da aka ce, kowanne da sa hannu. Ainihin akt ɗinka kada ta kwana a ofishin kowa. Ka je da ita don a gani, ka dawo da abarka. Kafin ka fita gida ka dubi abu ɗaya da ke ɓata wa mutane makonni: rubutun suna. In katinka ya ce Mahamadou, akt ta ce Mahaman, zane kuma ya ce Mamane, a wurin ma'aikaci mutum uku ne. Lambar ilo da harafin parsel su ma su zama iri ɗaya a kowace takarda.

Kuɗi a kes ake biya, wurin ma'ajin meri, a ba ka kitansi, wato rasit, mai lamba da hatimi da kwanan wata. Yawan kuɗin yakan danganta da girman ginin da irin aikin da za a yi da shi. Duk kuɗin da aka ce ka bayar a tsakar gida ko a gindin bishiya ba tare da kitansi ba, bai shiga asusun birni ba, kuma ba zai kare ka ba ranar da aka zo bincike. A bakin kowace ma'aikata akwai masu cewa “kawo in shigar maka, na san mutane a ciki.” Wasunsu na taimakawa da gaske, amma ta hannun irinsu ne takardun jabu ke fitowa. In ba ka da lokaci, ka wakilta mai zanenka. Bayan ka ajiye, ka karɓi takardar shaidar ajiya mai lambar dosiye da ranar da aka karɓa, ka tambayi wa'adin da doka ta ba su, ka rubuta a bayanta. Ka ɗauki hoton duk takardun da wayarka.

Mataki na shida: jira da bibiya

Dosiye ba mutum ɗaya ke duba shi ba. Ofishin filaye zai tabbatar da mallaka, masu tsarin birni su dubi tazara da tsayi da ko aikin ya dace da unguwar, jami'an tsabta su dubi shadda da magudana, ƴan kwana-kwana kuma su dubi gine-ginen taron jama'a. Ana iya zuwa ganin filin, saboda haka lambar wayar da ka bayar ta zama mai shiga, duwatsun iyaka kuma su kasance a buɗe. Ka riƙa leƙawa da lambar dosiyenka cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, na zo jin inda dosiye lamba kaza ya kwana.” In an ce akwai gyara, ka nemi a rubuta maka abin da za a gyara, ka kai wa mai zane, ya gyara a mayar. Mayar da dosiye don gyara ba ƙi ba ne. In kuwa an ƙi gaba ɗaya, ka nemi dalili a rubuce, domin da shi za ka iya neman a sake dubawa.

A wannan zaman jiran kada ka haƙa harsashi. Kana iya buga bulo ka riƙa ba shi ruwa, ka yi cinikin ƙarfe da tsakuwa, ka daidaita da maso. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a fara neman takardu shi ne cikin damina, lokacin da kake kallon ruwan filin, don izini ya fito wajen kaka, a yi harsashi da dal cikin sanyi, a rufe kafin ruwan Yuni.

Bayan izini ya fito

Ka karanta takardar a tsanake, ko ka sa a karanta maka. Tana da lamba, da ranar sa hannu, da wa'adin da za ta yi aiki, wani lokaci da sharuɗɗan da aka ƙara. Gininmu na a-yi-a-huta ne, bana katanga, baɗi ɗakuna biyu, saboda haka ka lura da wa'adin, in ya kusa cika ka nemi sabuntawa tun bai mutu ba. Za a mayar maka da kofin zane mai hatimin meri. Ainihin ka ajiye a gida cikin leda, nesa da gara da danshi, kofi ɗaya kuma ya zauna wurin aiki a hannun shugaban magina. Ka kafa allo a bakin filin mai ɗauke da lambar izini da sunan mai gini da irin ginin. Ma'aikacin da ya biyo layi ya ga allo ya ga kofi, zai wuce.

Ranar jan igiya ka sake kiran jiyometir ko mai zane, a kafa ginin daidai inda takarda ta ce. A nan ne maso zai ce: “Alhaji, mu ɗan fito da shagon nan mita ɗaya, ai kowa a layin haka ya yi.” Kada ka yarda. Mitar nan ta titi ce, kuma ranar da aka zo faɗaɗa hanya ko haƙa magudana, izinin da ke hannunka shi zai zama shaida a kanka. Dakali da rumfa da matakalar shago duk a cikin iyakarka. Ranar zuba dal ka tsaya da kanka ko injiniya ya tsaya: kankaren ginshiƙi da dal buhu 7 na siminti mai kilo 50 yake ci a kowace mita kubik, ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada a yi gaggawar cire katakan da ke tallafe da shi. In a tsakiyar aiki ka sauya shawara, ka ƙara ɗaki ko hawa, a gyara zane a koma meri kafin a gina.

Da an gama, ka sanar da meri ka nemi a zo a duba, a ba ka takardar shaidar cewa ginin ya yi daidai da zanen da aka amince da shi, wato certificat de conformité. Mutane da yawa suna tarewa su manta da ita. Amma ita da izinin su ke sauƙaƙa maka neman titir in akt ce kawai a hannunka, su banki ke tambaya in za ka jinginar da gidan, su kuma mai saye mai hankali zai nema. Ka haɗa su wuri guda da takardun mitar Nigelec, kamfanin lantarki, da ta ruwa.

Wanda kuma ya riga ya fara gini, ko an shafa masa jan fenti, kada ya goge fentin ya ci gaba da aiki cikin dare. Ya tsayar da magina, ya ɗauki akt da katinsa ya je ofishin ayyukan fasaha da ƙafarsa, ya ce ya zo daidaita takardu. Za a bukaci mai zane ya auna abin da aka riga aka gina ya zana shi yadda yake, in bene ne injiniya ya duba harsashi da ginshiƙai ya rubuta abin da ya gani, sannan a haɗa dosiye kamar na kowa. Ana iya cin sa tara, ita ma a kes zai biya ya karɓi kitansi. In wani ɓangare ya shiga titi ko filin maƙwabci, gara ya rushe shi da hannunsa tun yana layi uku na bulo, ya tsira da bulonsa da ƙarfensa.